Bikin Kanibal da Rabon Sadaka: Abin da Za Mu Ɗauka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi tsokaci kan bikin kanibal (carnival), wato shagalin rawa da kiɗa a kan tituna, da Kiristocin Katolika ke yi a ƙananan garuruwan bakin teku na Turai da Kudancin Amurka, domin wasunmu a nan Daura rawa da kiɗan kawai suke gani a waya.

Bikin yana ƙarewa ranar Talata, washegari Larabar Toka a shiga azumin kwana 40 kafin Ista, lokacin addu'a da sadaka. A wurare da dama, ƙungiyoyin coci irin su Saint Vincent de Paul, wadda aka kafa a Faris a 1833, su ke kai taimako. Tsarinsu shi ne abin lura: suna bin mabukata gida gida, mutum biyu biyu, su ga halin da ake ciki kafin a ba da komai.

Inda aka bar wannan hanya aka yi shela a taru wuri guda, an sha kuka. Turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da garin Okija na jihar Anambra a Disambar 2024 ya ci rayuka.

Masu rabon hatsi lokacin azumi da Sallah, ku rubuta sunaye ta hannun masu unguwanni, ku auna kwano nawa kowane gida zai samu, ku ƙulle a leda tun da dare. A raba kati, kowace unguwa da sa'arta, ƙofar shiga daban da ta fita. Tsofaffi da masu juna biyu kuwa a kai musu har gida.

Naku,
Mai karatu daga Daura