Kafin a Sayi Ƙahon Tuba na F, a Fara Busa Shi a Zafinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin shugabannin badujala da iyayen yaranmu masu koyon busa a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Samari sun raja'a a kan ƙahon tuba na F, wato babban ƙahon tagulla mai kaurin murya da aka ƙera a kan sautin F. Da sun gan shi yana ƙyalli a bidiyo sai su aika wa ɗan'uwa a Jamus ko Amurka ya saya ya turo ta Tema, ba tare da wani ya sa masa baki ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne.

A fara sanin aikinsa. A cikin manyan tuba huɗu da aka saba da su, shi ne mafi gajarta: bututunsa kusan ƙafa 12 ne, na E♭ 13, na C 16, na B♭ kuwa 18. A kan F ɗin ma Jamusawan da suka ƙirƙiro ta, Wieprecht da Moritz, suka yi wa tuba ta farko rajista a Berlin a 1835. Gajartar nan ita ke ba shi zaƙi da saurin amsawa a sama, ita ce kuma ke rage masa kauri a ƙasa. Wanda zai yi fareti a fili ganguna na tashi, B♭ ya kamata ya nema. F na mai busa shi kaɗai ne, ko ƙungiyar mutum biyar, ko mai burin kujera a irin ƙungiyar kiɗa ta ƙasa da aka kafa nan Accra a 1959.

Wanda ya tabbata F yake so, ya fara gwaji daga ƙasa, domin nan ne asirin ƙahon ke tonuwa. A busa F na ƙarƙashin layuka biyar na rubutun kiɗa, a riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya har C na ƙasa, wanda ake danna wa bawul na 4 (bawul shi ne maɓallin da ake dannawa don ƙara wa ƙaho tsawo). A yawancin ƙahonin F masu bawul mai juyawa irin na Jamus, wannan C ɗin da maƙwabtansa sukan fito a shaƙe, sautin ya ƙi zama, in aka ƙara iska ya fashe. A gwada shi a hankali, a gwada da ƙarfi, sannan a diro masa daga C na sama ba tare da lalube ba. Gwani zai iya lallashinsa da iska mai ɗumi a sannu, amma ɗalibi zai daɗe yana zargin leɓensa alhali laifin na ƙaho ne.

Yawan bawul ma ba ado ba ne. An yanka bututun kowane bawul gwargwadon tsawon ƙaho a buɗe, wato ba a danna komai ba, kuma kowane rabin mataki na sauka yana neman ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari na tsawon da ake kai. To da an danna na 4 ƙaho ya ƙaru da sulusi, sai bututun na 1 ya gaza, shi ya sa B♭ na ƙasa a kan 1 da 4 yake haurawa sama. Bawul na 5, wanda aka yi ya ɗan fi na 1 tsawo, shi ke gyara wannan: 4 da 5 sai sautin ya zauna. F mai bawul huɗu kawai ba ya ma iya ba da G♭ na can ƙasa yadda ya kamata. A ganinmu kada a sayi wanda bai kai biyar ba.

Daga nan a hau sama da manhajar auna sauti ta waya, a saita ta a 440, wato ma'aunin sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi. Mai busa kada ya kalli wayar, domin leɓe yakan bi allura ya ɓoye aibin ƙaho. Ya lumshe ido ya busa inda sautin ya fi cika, abokinsa ya rubuta abin da ya gani. Sautin A na kan layi na sama, idan aka busa shi ba danna komai, a ɗabi'arsa yana gazawa da kusan sent 14, wato kashi 14 cikin ɗari na rabin mataki. Wannan ba aibi ba ne. In ya wuce 20, a gwada shi da 1 da 2, G♭ da G na kusa da shi ma a nema musu wani dannin. C na saman layuka kuwa yakan haura. Abin da bai fi sent 10 ba leɓe zai gyara, wanda ya haura fiye da haka, in sauti ne da ake danna wa na 1, sai hannun hagu ya ja bututun bawul na 1, don haka a duba ko hannu na kai wa gare shi ana cikin busa, kuma ko yana zamewa salin alin.

Akwai abin da mai sayarwa a Turai ba zai tuna maka ba, shi ne zafinmu. Iska mai zafi tana ɗaga sautin ƙaho, babban ƙaho kuma ya fi jin haka. Ga shi ƙahoni da yawa na can an ƙera su ne a kan 442 ko 443, kuma tsakanin 443 da 440 akwai kusan sent 12 tun kafin rana ta yi nata. Sai a busa ƙahon minti goma ya ɗau ɗumi, a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki, sannan a saita babban bututun ja. In sai an zaro shi har ya kusa faɗuwa kafin F ya daidaita, a bar shi, ko a sa kuɗin ƙera wani mai tsawo cikin lissafi.

Na hannu kuwa, a bincike shi don satar iska. A zaro bututun bawul ba tare da an danna ba. In bai yi ƙarar "fuk" ba, bawul ɗin ya ci. A duba ɗigo-ɗigo ja a jikin bututun da ke bin baki, wannan tagulla ce ta fara ruɓewa daga ciki, kuma damshin bakin teku ba zai raga mata ba. Lotsawa a faffaɗan baki da sauƙi, amma a siririn bututu kusa da bawul tana karkatar da sauti. Kofin baki ma a zo da wanda za a yi aiki da shi, a tabbata wutsiyarsa ta zauna ba ta rawa, don ƙirar Turai da ta Amurka ba kauri ɗaya ba ne.

Game da bawul na fistin, mai hawa da sauka, da mai juyawa, mu dai fistin muka fi so wa ɗalibi a nan. Ƙurar hunturu in ta shiga, da hannunsa zai kwance ya wanke ya sa mai. Mai juyawa ya fi jure ƙura, amma ran da ya cije sai mai gyara da ya san yadda ake fitar da shi. Akwai masu fistin huɗu da mai juyawa ɗaya, kamar Yamaha YFB-621, kuma C ɗinsu na ƙasa ya fi sauƙin kamawa, ko da yake muryarsu ba ta kai ta ƙirar Jamus zaƙi ba.

Wassalam,
Wasu malaman busa da masu gyaran kayan badujala,
Nima, Accra.