Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin da Ya Gyara Mini Mota Sau Biyu Bai Taɓa Tuƙa Ta Ba

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, na kawo wannan magana bainar jama'a ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, na bar takarda a hannun mai karɓar baƙi, har yau shiru kamar an shuka dusa. Na sakaya sunan kamfaninku domin gyara nake nema, kuma kun san kanku.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi, ita ce ke kai ni inda kwalta ba ta kai ba. A daminar da ta wuce na tashi daga Jalingo cikin a-kori-kurata mai fowil, wato mai ja da ƙafa huɗu, na bi ta Bali da Serti, na hau dutsen Mambila ta Mayo Selbe, na yi kwana shida ina zagayen rugage tsakanin Nguroje da Gembu. Wanda ya san ƙasar ya san hanyoyinta: jar laka mai danƙo, duwatsun da zaizaya ta tono, ga rafuka marasa gada waɗanda dole ka tsunduma har ruwa ya shafi cikin mota.

Da na sauko kwalta sai na ji motar ta sauya hali, kuma ciwon nata iri biyu ne. Na farko a sitiyari yake: da gudu ya kai wajen kilomita 90 a awa sai ya kama rawa a hannuna. Na biyu daga ƙasa yake tasowa, ta kujera da tafin ƙafa, da wani ƙugi a ciki. Tun daga 60 yake farawa, yana tsananta idan na taka totur. Ga kuma wata ƙara, ƙwas, duk sanda na saki kulochi zan tashi. Duk wannan na zayyana wa yaronku da ke cike takarda. Na ga abin da ya rubuta da idona, kalma uku ce: mota na girgiza.

Bai tambaye ni inda na fito ba. Babu wanda ya ce in ba shi makulli mu zaga tare. Washegari aka kira ni aka ce shokazoba ne, duka huɗun sun mutu, sai an sake su a kuma yi alaimen. Na biya. Ban yi nisa da garejinku ba na ji komai na nan yadda yake. Na koma, aka ce to taya ne, aka sayar mini da sababbi biyu aka yi balansin. A nan rawar sitiyari ta tafi, amma yaron da ya yi aikin ya faɗa mini da bakinsa cewa sai da ya ɓanɓare busasshiyar laka fal a cikin wilin gaba, kuma ɗaya daga cikin 'yan dalmar da ake maƙala wa wili ta faɗi. Ashe wanki da balansin kawai ƙafar ke bukata. Tsofaffin tayoyina ko rabi ba su ci ba.

Girgizar ƙasa kuwa ba ta je ko'ina ba. Da na yi magana, shugaban makanikanku ya ce haka motocin fowil suke, in yi haƙuri zan saba. Da wannan maganar na ɗauki maiɗakina da yara uku na kai su Yola ta Numan, na dawo da su. Wannan tafiya ita ce har gobe in na tuna ta sai gabana ya faɗi.

Wani dattijon bakanike, mai rumfar kwano a bakin titi, shi ya gano abin, kuma ina so ka ji yadda ya yi domin babu na'ura a ciki. Da farko ya ce, "Alhaji, ina ka kai ta?" Da na ce Mambila, ya tambaya ko na shiga ruwa. Sannan ya shiga gefena muka hau titi. Da girgizar ta taso ya ce in ɗaga ƙafa daga totur, sai ta lafa. Na sake takawa ta dawo. Ya ce in taɓa birki, babu abin da ya ƙaru, ya ce to ba faifan birki ba ne. Ya bayyana mini cewa girgizar taya ba ruwanta da ko ka taka ko ka saki, gudu kawai take bi, amma wadda ke sauyawa da totur tana kan hanyar da ƙarfin inji ke bi zuwa ƙafafu. Muka dawo, ya ɗaga gaba da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga don ya ji boris da boljoyin, ya kama ta hagu da dama don ya ji tayirod. Duk lafiya. Sai ya sauke ta, ya sa wa tayoyi waigi, ya sa giya a firi, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya kama farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ya murɗa. Daga inda nake tsaye na ji ƙwas ɗin nan da na sani.

Ya kira ni na sunkuya. Kuros ɗin gaban farfela ne, wato ɗan ƙarfen nan mai kai huɗu da ke gaɓarta, yana wasa a hannu, ga jar ƙurar tsatsa ta zagaye bakinsa. Da ya kwance shi, 'yan alluran da ke ciki sun bushe ƙayau, wasu sun zama gari. Ruwan rafi ya shiga ya wanke giris, laka ta bi bayansa ta yi ta cin ƙarfe. Littafin da ya zo da motar ma ya ce a ɗura wa farfela giris bayan an ratsa ruwa, ni ma na yi sakaci da hakan, ban musa ba. Amma ga abin da ya fi ƙona mini rai: a rasidinku na farko an rubuta cewa an sa giris a ƙarƙashin mota, kuma an caje ni. Kawunan da ake ɗura giris ɗin kuwa mun same su a toshe da jar lakar Mambila, ko yatsa bai taɓa su ba. Dattijon ya kuma tarar da notunan da ke ɗaure sifirin ɗin baya da aksil sun yi sako-sako a gefe guda, ya ɗaure.

Yallaɓai, kai ma ka san abin da ke faruwa in kuros ɗin gaba ya tsinke ana cikin gudu. Farfela ta faɗo ta soki kwalta, ta ɗaga bayan mota, ko ta yi ta bulala a ƙasa ta fasa tanki ko bututun birki. Allah ne ya tsare iyalina, amma ma'aikatanku ne suka ce mini in tafi zan saba.

Shokazoba da ya mutu yana da alamominsa: yoyon mai a jikinsa, mota ta riƙa lilo bayan ta faɗa rami, taya ya riƙa cinyewa tabo-tabo. Ko ɗaya ban gani a motata ba. Na nemi a ba ni tsofaffin nawa in gani, aka ce an zubar.

Saboda haka ina neman a mayar mini da kuɗin shokazoba huɗu da na giris ɗin da ba a sa ba. Tayoyin zan riƙe, tunda na riga na taka su, amma a dawo mini da tsofaffina biyu. Ina kuma roƙon ka kafa doka a garejinku cewa duk motar da ta zo da kukan girgiza, sai bakanike ya zauna da mai ita sun hau titi, ya kuma leƙa ƙarƙashinta, kafin a rubuta masa ko noti ɗaya. Yawancin masu kawo muku irin motata mutanen karkara suke yi wa aiki, daga daji suke fitowa, can kuma za su koma.

Rasidan biyu na hannuna, haka ma tsohon kuros ɗin, na naɗe shi a leda. Ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe zan zo da su ofishinka, in sha Allahu, kuma zan zauna har sai mun gana.

Wassalam.

Naku,
Abokin cinikinku daga Jalingo