Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ƙaninka ya ce mini ciwon baya ya hana ka tuƙi wata huɗu ke nan, kana kwance kana ta haɗiyar diclofenac. Allah ya sawwaƙe. Amma sai da na murmusa, don ni ma haka na yi.

Ka dai san zaman keken ɗinki. Bara waccan ƙugu ya riƙe ni, har sallah sai a zaune nake yi. Ba jiƙon da ban sha ba, an yi mini ƙaho, na sayi bel ɗin nan mai faɗi na ɗaure ƙugu kamar ɗan kokawa. Daga ƙarshe na je sashen gashin ƙashi a Asibitin Dala. Na ɗauka za a gasa ni da na'ura in kama gabana, ashe aiki za a ba ni. Likitar ta ce idan ciwon baya ya wuce wata 3, yawan kwanciya ƙara sandarar da jiki yake yi, tsokar da ke riƙe ƙugu ta yi rauni.

Kullum bayan asuba sai in kwanta rigingine a tabarma, in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in ƙirga goma. Sannan in kafa tafin ƙafa a ƙasa in ɗaga ƙugu sama. Na ƙarshen ne yake sa yara dariya: in yi rarrafe, in miƙe hannun dama da ƙafar hagu, sai in juya. Da la'asar kuma tafiyar ƙasa. Makon farko ji na yi kamar ciwon ƙaruwa yake, saura ƙiris in watsar. Wajen mako na shida na yi ruku'u ba tare da na dafa bango ba. Har yanzu yakan motsa idan ɗinkin sallah ya zaunar da ni.

Bel ɗin nan na cire shi. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, motsa jiki ta fifita, ba ta goyi bayan bel ba. Ƙwayar nan kuma ka rage, tana cin ciki da ƙoda.

Sai dai ka fara zuwa a duba ka. In ƙafa na mutuwa, ko fitsari na ƙwace maka, ko ka ji dindiris tsakanin cinyoyi, a ranar za ka tafi asibiti, kada ka tsaya atisaye. In ka koma kan sitiyari kuma, ka riƙa tsayawa kana taka ƙasa.

Ka gaida Hajiya da yara. Maiɗakina tana tuna maka alkawarin atamfa.

Naka har kullum.