Sanarwa ga masu tsofaffin taraktocin lambu

Salam jama'a, wai ina kuka shige ne? Masu iya gyaran ƙananan taraktocin nan sai raguwa suke, dattawan da suka san kan injin Kohler sun fara gajiya, yara kuma ba ruwansu. Alhali irin su Cub Cadet ta 1961 da John Deere 110 ta 1963 har gobe suna tashi in an kula da su. Don Allah duk mai ajiye tasa ta daɗe ya zuƙe fetur ɗin, shi ne yake daskarewa a kafireto ya toshe komai, a cire batir, a canza baƙin mai, a duba bel kar ya tsattsage. Wanda ke da safaya da ba ya amfani da ita ya turo hoto, wani na nema.