Sanarwa: Zaman Asabar kan cutar toksoplasmosis

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, da fatan kuna lafiya da iyali.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu inda muka saba. Ungozoma za ta yi mana bayani kan toksoplasmosis, cutar da uwa ke iya shafa wa ɗan cikinta. Wani ƙiyasi na 2013 ya nuna ana haifar jarirai kusan 190,000 da ita duk shekara a duniya, wato kamar 3 cikin kowane jarirai 2,000 da aka haifa. Da yawa lafiya lau ake ganinsu ranar haihuwa, sai daga baya ido ya fara samun matsala.

Masu juna biyu ku zo da katin awo. Kafin nan a guji tsiren da bai gasu ba, a wanke latas sosai, kashin mage kuwa wani ya kwashe, ba mai ciki ba, domin ta waɗannan hanyoyi ake iya kamuwa da cutar.

Allah ya sauke ku lafiya.