Masu sake buga littattafan Abubakar Imam, ku tuna da mu a Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in kai kukana ga masu sake buga tsofaffin littattafan Hausa, musamman na marigayi Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ni haifaffen Aboabo ne a nan Kumasi. Babanmu fataucin goro ya yi, yana kaiwa Legas da Kano, kuma a wata tafiya ne ya dawo mana da Magana Jari Ce littafi na ɗaya. Wallahi har yau ina tuna yadda muke zama a tsakar gida bayan isha'i, fitilar kwai a gefe, yana karanta mana yadda aku ke jan Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari kan labari don kar ya fita ya bi yaƙi, mu kuma mun yi tsit, har yaran maƙwabta Tonawa, wato Ashanti, da ke jin Hausa sukan shigo su zauna. Littafin nan ya daɗe a gidanmu har ruwan sama ya shiga ɗakin wata shekara ya lalata shi.

To bara na roƙi wani ɗan'uwa da ke zuwa Kano ya sayo min Magana Jari Ce duka littattafai ukun, na tura masa sidi, kuɗinmu na Gana, ya canza. Da ya kawo na yi murna ba kaɗan ba. Na ɗaya dai bugu ne mai kyau, takarda fes, rubutu raɗau. Amma na biyu da na uku, kai Malam Edita, abin ya ɓata min rai, kana gani ka san bugun ɓarayin fasaha ne, an ɗauki tsohon littafi an yi fotokofinsa an liƙa masa bango kawai. Tawada ta dushe, wasu shafukan a karkace, a na biyun ma shafi huɗu ne babu su gaba ɗaya, kana tsakiyar labari sai ka tsinci kanka a wani labarin daban. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙugiyar haruffa duk ta shafe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Ɗan Kano ko ɗan Zariya in ya ga "kasa" inda ake nufin "ƙasa" bakinsa zai gyara da kansa, amma yaranmu na zango da suka taso Hausarsu a cakuɗe da Tonanci da Turanci, abin da ido ya gani shi baki zai faɗa, kuma haka zai zauna musu.

Domin su na sayo littattafan fa. Duk Asabar da yamma ina tara yaran gidanmu da na maƙwabta su goma sha ɗaya muna karatu. A nan Gana yaro na jin Hausa a gida da kasuwa da masallaci, har labarai ana karantawa da Hausa a rediyon gwamnati, amma a sukul ba a koya masa rubuta ta, a makarantar allo kuma Larabci ne. Shi ya sa za ka ga saurayi a unguwar Asawase ko Nima ta Ankara (Accra) yana zuba Hausa kamar ruwa, ka miƙa masa shafi guda sai ya fara in-ina.

Wata rana ɗiyata ta tambaye ni wai wane ne wannan Imam ɗin, yana nan da rai? Muka juya littafin gaba da baya, babu ko layi ɗaya a kansa, ko shekarar da aka fara bugawa ba su sa ba. Sai da na zauna na faɗa musu da baki cewa an haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a Zariya a 1981, kuma shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Na ba su labarin gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na shi Imam yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar. Da na ce musu wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya zama Firayim Ministan Najeriya, sai da babban cikinsu ya ce in rantse. Wannan ai shafi ɗaya tak zai ɗauke shi a gaban littafi.

Sannan a ƙara 'yan shafuka a baya masu bayanin tsofaffin kalmomi. Yaro a Kumasi sai da sallah yake ganin doki da ado, ina zai san likkafa ko linzami ko zagi ko barde? Ni kaina akwai waɗanda sai na je wurin wani dattijo Bakatsine a masallacinmu na tambaya. Amma don Allah kar a taɓa Hausar Imam da sunan sauƙaƙawa, a bar ta yadda ya rubuta, bayanin ya zauna a gefe.

Roƙona ga kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya da duk mai haƙƙin buga waɗannan littattafai, ku nemi wakili a Kumasi da Ankara. Ba abu ne mai wahala ba, masu shagunan littattafan addini a zango dama daga Kano suke kawo Ahalari da Ishmawi da Ishiriniya, motar da ta ɗauko waɗannan za ta iya ɗauko katan biyu na Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja. In na gaskiya na nan a shago ba wanda zai kalli na jabu, kuma haƙƙin magada ya isa gare su. Mu ma fa gidan rubutun Hausa ne, Alhaji Umaru na Kete Krachi a nan ƙasar ya zauna yana rubuta waƙoƙinsa da ajami har ya rasu a 1934.

Yanzu haka karatunmu na Asabar ya tsaya a inda shafukan nan huɗu suka ɓata, na ƙi tsallakewa saboda yaran sun ce sai sun ji ƙarshen labarin. Na sake aikawa Kano a nemo min littafi na biyu bugun asali, ɗan'uwan ya ce sai bayan azumi zai dawo.

Na gode Malam Edita.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi