Masu shirin hawa jirgin ruwan shaƙatawa a Barcelona, ku kwana a garin kafin ranar tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwa da ke sayen tikitin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa a Bahar Rum, musamman masu tashi daga Barcelona ta ƙasar Sifaniya. Mutum zai biya kuɗin ɗaki a jirgi, ya san abincin da za a ci da garuruwan da za a yada zango, amma bai tsara yadda zai yi daga filin jirgin sama zuwa bakin ruwa ba, bai kuma san inda zai kwana ba. A wannan ɗan tsakanin ne tafiya ke lalacewa.

Maganarmu ɗaya ce: kada kowa ya yanki tikitin jirgin saman da zai sauka Barcelona a ranar da jirgin ruwa zai tashi. A iso ana gobe tashi. Mai iyali, ko wanda ke tare da dattijo, ya iso da kwana biyu. Babu jirgin sama da ke zuwa Barcelona kai tsaye daga Kano, Abuja ko Yamai. Dole a sauya jirgi a wani wuri, ko Alƙahira, ko Doha, ko Istanbul, ko Casablanca. Jinkirin awa uku a tashin farko ya isa ya sa jirgi na biyu ya kuɓuce, kuma sau da yawa na gaba sai washegari. Shi kuwa jirgin ruwa yana ɗauke da dubban mutane, hukumar tasha ta ba shi lokacin fita, wata tashar kuma tana jiran sa da safe. Ba zai jira mutum ɗaya ba. Yawancinsu suna ɗaga anga da yamma, wajen ƙarfe 5 zuwa 6, kuma ana rufe karɓar fasinja tun da sauran awa ɗaya da rabi ko biyu. Wanda ya iso bayan an rufe, kamfani ba ya mayar masa da kuɗi. Idan yana so ya tari jirgin a tasha ta gaba, kamar Marseille ko Palma, sai ya nemi izinin kamfanin, kuma daga aljihunsa zai biya kuɗin hanya da na kwana.

Akwai kuma batun kaya. Akwati kan maƙale a filin da aka sauya jirgi, sai ya biyo baya a jirgin washegari. Wanda ya kwana a gari zai ba da adireshin otal a teburin cigiyar kaya, a kawo masa ko ya koma ya ɗauka. Wanda ya wuce jirgin ruwa kai tsaye zai yi mako guda a teku da kayan jikinsa. Saboda haka a sa fasfo, takardun jirgi, magungunan hawan jini ko na ciwon suga, caja, da tufafi kala biyu a jakar hannu.

Tun daga biza ake fara tsara masauki, domin ofishin jakadanci zai nemi shaidar inda za a kwana kowane dare, har da daren da ke gaban hawa jirgi. Bizar Schengen ake nema, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fitowa daga Turai, mai shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Kamfanonin jiragen ruwa da yawa wata shida suke nema, don haka a bi nasu, shi ya fi tsauri. Ana iya miƙa takardu tun da sauran wata shida. Ƙa'ida ta ce kwana 15 ake duba su, amma yana iya kaiwa kwana 45, kuma samun ranar ganawa ma wani jira ne. A cikin kwanakin da za a nema a lissafa daren farko a otal da ranar komawa, kada a rubuta kwana bakwai na jirgi kawai.

Ga wani tarko da muke so a karanta da kyau. Idan jirgin zai tsaya a Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta kaɗai, duk cikin yankin Schengen ake. Amma idan a jerin tashoshin akwai La Goulette ta Tunisiya, ko Tanja ko Casablanca ta Maroko, to jirgin ya fita daga yankin kuma zai sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya ta ƙare masa ke nan daga fitar farko. Ma'aikatan tasha suna duba wannan tun a Barcelona, kuma suna iya hana mutum hawa ko da ya rantse ba zai sauka a Tunisiya ba. A haɗa jerin tashoshin jirgi cikin takardun neman biza, a nemi ta shiga sau da yawa, kuma ranar da aka karɓo fasfo a duba abin da aka buga a kai. A kuma tambayi kamfanin jirgin, a rubuce, ko fasfon da ake riƙe da shi yana buƙatar bizar waɗancan ƙasashe. Haka nan mai fasfon Najeriya ya guji tikitin da zai bi ta Landan saboda araha, domin Ingila ba ta cikin Schengen kuma tana da tata bizar wucewa.

To, a ina za a kwana? Manyan jiragen suna tsayawa ne a Moll Adossat, wani dogon dandamali da ke cikin teku, sai an haye gadar Porta d'Europa ake isa. Babu otal a kansa. Unguwannin da suka fi kusa su ne ƙarshen titin La Rambla wajen gunkin Columbus, da Drassanes, da Paral·lel, da Poble Sec. Daga nan tasi ba ta wuce minti 10 zuwa 15 idan babu cunkoso. Mu dai mun fi ba da shawarar otal da ke kan babban titi irin Paral·lel a kan na cikin tsohon gari. Barri Gòtic, da ke cikin tsohon garin, yana da kyau a hoto, amma lungunansa ƙanana ne, wasu mota ba ta shiga, sai a sauke mutum a bakin titi ya ja akwatuna a kan duwatsu. Gine-ginen tsofaffi ne, wasu ƙananan masaukai ba su da na'urar hawa bene. Kafin a biya, a aika musu saƙo a tambaya: akwai lif? Tasi tana tsayawa a ƙofa? Akwai mai karɓar baƙi da dare? Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci ga wanda jirginsa zai sauka bayan ƙarfe 11 na dare. Wanda zai iso tsakar dare irin haka ma gara ya kwana a ɗaya daga otal-otal ɗin El Prat kusa da filin jirgi, da safe ya wuce tasha.

Unguwar Raval, da ke gefen La Rambla, tana da yawan 'yan Pakistan da Maroko, saboda haka akwai gidajen abincin halal da mahauta da ƙananan masallatai. Wuri ne mai kyau na cin abincin dare da sayen ɗan abin buƙata. Sai dai a can da La Rambla da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa 'yan sane sun yi suna. Fasfon da ya ɓace ana gobe tashi ya kashe tafiya gaba ɗaya, domin ofishin jakadancin Najeriya yana Madrid. A bar fasfo a akwatin ajiya na ɗakin otal idan za a fita cin abinci, a riƙe kwafinsa.

Masu iyali kan fi son hayar gida gaba ɗaya ta intanet. A Barcelona gidan haya na baƙi dole ya kasance da lambar lasisi, wadda ke farawa da HUTB. Idan babu ita a tallar, a bar shi, domin ana iya soke ajiyar ana saura kwana kaɗan. Magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar a 2024 cewa za a kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000 zuwa ƙarshen 2028. Na dare ɗaya dai otal ya fi, saboda zai ajiye maka kaya idan ka iso kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana da ake ba da ɗaki, kuma zai kira maka tasi da safe. A zaɓi ajiyar da za a iya sokewa kyauta har sai biza ta fito. A sani kuma akwai harajin baƙi da ake biya a otal, kan kowane mutum kowane dare, wanda galibi ba ya cikin farashin da aka gani a intanet. Wanda tafiyarsa ta faɗo ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ya kama ɗaki da wuri ƙwarai, lokacin ne ake babban taron kamfanonin wayar hannu, ɗakuna su yi wuya su yi tsada.

Filin jirgin El Prat yana da nisan kusan kilomita 15 daga tsakiyar gari, kuma gini biyu ne, T1 da T2, da bas na kyauta a tsakaninsu. Jiragen da ke zuwa daga Doha da Istanbul da Alƙahira galibi a T1 suke sauka. Tasin garin baƙa ce da ruwan ɗorawa, tana da mita, tana karɓar kati. A bi layinta a ƙofar fita, kada a kula wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa yana da mota. Akwai ƙarin kuɗi na shiga filin jirgi da na shiga tashar ruwa, doka ce ta sa, ba cuta ba ce, kuma tsakanin filin jirgi da Moll Adossat akwai farashi ƙayyadadde da aka manna a gilashin motar. Ƙaramar tasi mutum huɗu take ɗauka, kuma but ɗinta ba ya cin manyan akwatuna huɗu. Iyalin da suka kai biyar su gaya wa mai tsara layi suna son babba.

Mai kaya kaɗan yana iya hawa bas ɗin filin jirgi mai suna Aerobús, A1 daga T1 ko A2 daga T2, ya kai shi Plaça de Catalunya cikin kusan minti 35, daga nan layin L3 na ƙarƙashin ƙasa ya sauke shi a Drassanes. Layin L9 Sud da ke shiga filin jirgi ba ya zuwa tsakiyar gari, sai an sauya, kuma tikitinsa daban ne. Ga mai manyan akwatuna da yara, kuɗin da za a rage bai kai wahalar ba.

Ranar tashi a duba harafin tashar da ke kan takardar shiga jirgi, domin Moll Adossat yana da gine-gine da yawa, A, B, C, D da sauransu, kuma tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta fi ƙarfin tafiyar ƙafa da kaya. Sunan jirgi da harafin ake gaya wa direba. Akwai bas na tashar da ke tashi kusa da gunkin Columbus yana bi ta kowane gini, yana da araha, amma ranar da jirage huɗu ko biyar suka haɗu layinsa yana da tsawo. Kada taswirar waya ta ruɗi kowa ya ce zai taka: gada ce mai tudu, babu inuwa. Kamfani yana ba kowa lokacin zuwa idan ya yi rajistar shiga ta intanet, to a yi rajistar tun a gida, a buga takardun da ake liƙa wa akwati, a liƙa su a otal da safen, kada a liƙa tun a Kano su yage a hanya. Otal yana sallamar baƙi ƙarfe 11 ko 12, wanda ya yi daidai da lokacin fara shiga jirgi. Akwatunan da aka miƙa a ƙofa ba sa isa ɗaki sai yamma.

A kula da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Sifaniya tana gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, sauran watanni kuma lokaci ɗaya ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, sai a gyara lokutan salla a waya. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayye, mai cajar Najeriya ya sayi mahaɗi.

Kan kuɗi, otal da jirgin ruwa duka suna riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje. A je banki a tambayi iyakar, a tafi da katin asusun dala da kuma ɗan tsabar Yuro na tasi. Wanda ya ɗauki tsabar da ta kai Yuro 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastam. Guzurin kilishi, dambun nama da man shanu kuma a bar shi a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a cikin kayan fasinja. Jirgin ruwa ma yana ƙwace dutsen guga da butar dafa ruwa saboda tsoron gobara.

Dawowa ma tana son lissafi. Jirgin yana shigowa da asuba, amma ana sauke mutane rukuni-rukuni har wajen ƙarfe 9 ko 10, ga layin tasi na dubban mutane a lokaci guda. Kada a yanki tikitin komawa da zai tashi kafin azahar. Wanda kuma jirginsa zai tashi daga wani gari ya fara duba ainihin inda tashar take: abin da talla ke kira birnin Rum na Italiya, Civitavecchia ce, kusan kilomita 80 daga birnin, abin da take kira Landan kuma galibi Southampton ce, tafiyar kusan awa biyu a mota.

Muna godiya da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalam.

Daga wasu masu harkar shirya tafiye-tafiye,
Kano.